ABIN DA 'YAR AJI BIYAR TA FAƊA MANA GAME DA AJINTA

(Matanin laccar da aka gabatar a taron malamai da iyayen yara na ƙarshen zangon karatu)

  

Al'adar irin wannan taro ita ce shugaban makaranta ya karanto rahoto, a faɗi yawan ɗalibai da yawan waɗanda suka ci jarrabawa, a koka a kan kuɗin makarantar da ba a biya ba, a raba kyauta ga na ɗaya da na biyu da na uku, sa'an nan a yi addu'a a watse. Malamai sun yi magana ke nan, iyaye sun yi, kwamitin makaranta ya yi. Mutum ɗaya ne ba a tambayarsa, alhali kuwa dominsa aka gina ajin, aka sayi allo da alli, aka ɗauki malamin. Shi ne yaron da ke zaune a ciki tun ƙarfe takwas na safe har azahar, sa'an nan ya dawo Islamiyya bayan la'asar. To, a zangon da ya ƙare mun gwada tambayarsa. Muka roƙi malamin aji biyar ya ara mana rabin awa, muka raba wa yara takarda, muka ce kowa ya rubuta da Hausa abin da ake yi a aji, wanne yake so, wanne ba ya so, kuma kada kowa ya sa sunansa.

Dole mu fara da abin da ba shi da daɗin ji. Da yawa daga takardun sun dawo mana kusan kamar yadda muka ba da su. Wasu yaran tambayar da muka rubuta a allo suka kwafa, baƙi bayan baƙi, suka tsaya nan, domin abin da suka saba ke nan: an yi rubutu a allo, sai a kwafa. Wannan ba ciwon makarantarmu kaɗai ba ne. Rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, yara 89 cikin 100 suna kai shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi ba. Amma jin adadi a rediyo daban, riƙe takardar ɗan maƙwabcinka a hannu kuma daban.

A cikin waɗanda suka iya rubutawa akwai takarda guda da ta cika gaba da baya, ta wata yarinya, mun gane mace ce domin ta ambaci hijabinta. A kanta za mu gina maganarmu ta yau.

Ta ce mafi yawan ranaku malam yakan shigo ya cika allo da rubutu daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce a kwafa, sai ya zauna ko ya fita, monita ya tsaya yana rubuta sunayen masu surutu. Ita a baya take zama, allon kuma ya koɗe, saboda haka daga littafin ta kusa da ita take kwafa, ita ma daga na gabanta ta kwafa. In ta farko ta yi kuskure, duk layin ya yi. Ta ce tana iya rubuta kalmomin Turancin da kyau, har malam ya taɓa yaba rubutunta, amma ba ta san abin da suke nufi ba. In an gama sai malam ya karanta su maimaita, sa'an nan ya ce, "Kun gane?" aji ya amsa baki ɗaya, "E, mun gane!" Ta ce ita ma da ƙarfi take amsawa, domin wata rana wani yaro ya ce shi bai gane ba, aka sa shi ya miƙe tsaye, aka tambaye shi ina hankalinsa yake lokacin da ake bayani, 'yan aji suka yi ta yi masa dariya har aka tashi tara. Tun daga ranar ba wanda ya sake cewa bai gane ba.

Ya 'yan uwa, mu dakata a nan. Wannan "mun gane" ƙarya ce, kuma mu ne muka koya musu ita. Da yamma muna biya musu hadisan gaskiya da riƙon amana, da safe kuma muna karɓar ƙarya daga bakinsu sau biyar ko shida, har muna jin daɗinta domin tana nuna mun yi aiki. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a shekarar 1406 Miladiyya, ya ware fasali guda a cikin Muƙaddima a kan cutarwar da tsanantawa ke yi wa ɗalibai. Ya bayyana cewa yaron da aka rena da tsoro yakan rasa nishaɗi, kasala ta kama shi, ya koyi ƙarya da nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don gudun hannun da ke kansa, har hakan ya zame masa ɗabi'a. Shekaru fiye da ɗari shida ke nan da rubuta wannan, ga yarinya 'yar aji biyar ta zo tana ba shi shaida ba tare da ta taɓa jin sunansa ba.

Sai ta koma kan abin da take so, a nan ne rubutun nata ya buɗe, har tana hawa gefen takarda. Wata ɗaliba daga kwalejin horar da malamai ta zo gwajin koyarwa na 'yan makonni, ta ce kowa ya zo da gwangwanin madara da ƙwayar wake. Suka zuba ƙasa suka shuka. Wani gwangwani aka ba shi ruwa aka ajiye a taga, wani aka hana shi ruwa, wani kuma aka ba shi ruwa aka kife tukunya a kansa. Ta ce kullum da sassafe take zuwa don ta riga kowa dubawa. Wanda aka hana ruwa bai tsiro ba. Na taga ya fito kore shar, gajere, mai ƙarfi. Na ƙarƙashin tukunya kuwa, da aka buɗe, sai ga shi ya fi kowanne tsawo, amma siriri, fari-fari mai ruwan ɗorawa, ya langaɓe. Ta ce a ranar ne ta fara ɗaga hannu a aji, ta tambaya me ya sa wanda ba ya ganin rana ya fi tsawo. Malamar ba ta yi mata tsawa ba, ta juya tambayar ga sauran yara, kowa ya faɗi nasa, sa'an nan ta bayyana musu cewa abincin da ke cikin ƙwayar yake ci yana miƙewa neman haske, kuma koren ganye ba ya samuwa sai da hasken rana, da shi tsiro ke haɗa abincinsa. Yarinyar nan ta rubuta mana wannan bayani daidai, da kalmominta, watanni bayan malamar ta tafi. Ta kuma ce ta gwada da masara a gida, mahaifiyarta ta yi mata faɗa tana ɓarnar hatsi.

Abu na biyu da ta ambata ya fi ba mu kunya. Ta ce a jarrabawar lissafi ragewa ke kayar da ita, musamman inda ake cewa a ranto daga lambar kusa. Amma kullum bayan an tashi tana kai wa mahaifiyarta gyaɗa bakin titi, kuma ba a taɓa cutarta a canji ba, ita ma ba ta taɓa cutar kowa ba. Ranar da waccan malama ta sa suka yayyanka takardu suka rubuta naira hamsin, ɗari, ɗari biyu, ɗari biyar, aka kafa kasuwa a cikin aji, ita ce ta zama mai duba canjin kowa. Ta ce ba ta san cewa canji shi ne ragewa ba sai ranar. Masu bincike sun daɗe da ganin haka: a shekarar 1985 an buga wani nazari da aka yi a kan yara masu talla a birnin Resife na ƙasar Barazil, inda aka ga suna warware lissafi da ka a wurin ciniki, amma in aka rubuta musu shi ɗin dai a takarda sai su faɗi. Yarinyarmu ta iya lissafi tun kafin ta zo hannunmu. Mu ne muka kasa nuna mata cewa abin da ke allo shi ne abin da ke cikin farantinta, sa'an nan muka rubuta mata da jan biro cewa ta ƙara ƙoƙari.

Kada malaman Islamiyya su ce wannan ta 'yan boko ce, domin ta taɓo mu. Ta ce ta haddace farillan alwala guda bakwai kamar yadda suke a Ahalari, tana jero su da Larabci ba ta tsayawa. Ranar da malama ta fito da su tsakar makaranta da butoci ta ce kowacce ta yi a gani, sai aka tarar da yawansu ruwa ba ya kai wa gwiwar hannu, diddige kuma a bushe, ita ma tana ciki. Bushewar diddige kuwa ita ce abin da Manzon Allah (S.A.W.) ya gani ga wasu sahabbai a wata tafiya, ya ɗaga murya ya gargaɗe su a kai. Da ido ya gani, domin yana kallon yadda suke yi. Sayyidina Usman bin Affan (R.A.) kuma, da ya so ya koyar da alwalar Annabi, ruwa ya sa aka kawo ya yi a gaban mutane. Mu mun mai da ita jerin kalmomi, yara suna samun goma bisa goma a takarda, suna salla da alwalar da ba ta cika ba. Wa za a tambaya wannan gobe ƙiyama?

Wataƙila wani ya ce a zuciyarsa: yaushe aka fara jin ta bakin yara a kan malamansu, ba wannan ne ke kawo raini ba? Amsar tana cikin littattafan da ke ɗakunanmu. Imamul Bukhari ya kafa babi a Kitabul Ilmi a kan lokacin da jin yaro ƙarami yake inganta, ya kawo Mahmud bin Rabi'u (R.A.) yana ba da labarin ruwan guga da Annabi (S.A.W.) ya fesa masa a fuska yana ɗan shekara biyar. Al'umma ta karɓi abin da ɗan shekara biyar ya riƙe. A cikin Kitabul Ilmin dai akwai ƙissar Abdullahi ɗan Umar (R.A.). Manzon Allah (S.A.W.) ya jefa wa sahabbai tambaya a kan wata bishiya da ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Mutane suka shiga ambaton itatuwan daji. Shi Abdullahi ya faɗo masa a rai cewa dabino ce, amma ya duba ya ga shi ne ƙarami a wurin, ga Abubakar da Umar ba su yi magana ba, sai kunya ta hana shi. Da aka tashi ya gaya wa mahaifinsa. Sayyidina Umar bai yaba masa a kan shirun ba. Ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa dukiya mai yawa daɗi. Ku lura da abubuwan da ke cikin wannan ƙissa: malami yana tambaya yana barin ɗalibai su yi tunani har su yi kuskure, yaro ya koma gida yana ba uba labarin abin da ya gudana a majalisi da abin da ya ji a ransa, uba kuma ya saurara. Haka nan a Musnad na Imamu Ahmad an ruwaito cewa bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, fursunonin da ba su da abin fansa an sa su koya wa 'ya'yan Ansar rubutu. Wata rana wani yaro ya zo wa ubansa yana kuka malaminsa ya doke shi. Uban ya saurare shi, ya gane haushin Badar mutumin ke hucewa a kan yaro, ya hana shi komawa. Mu kuwa abin da muka gada shi ne a kai yaro a ce wa malam nama naka, ƙashi namu. Ibn Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman yara, ya iyakance horo ga bulala uku, ƙari a kan haka sai da izinin uba. Imamul Gazali a cikin Ihya ya yi umarni a bar yaro ya yi wasa bayan an tashi daga makaranta, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe zuciyarsa ya dushe basirarsa.

Ba muna yaƙi da hadda ba ne, Allah Ya tsare. Alƙur'ani da hadda aka kiyaye shi, jadawalin sau ma sai an haddace. Amma Ibn Khaldun ɗin nan ya kwatanta ɗaliban Magrib na zamaninsa, waɗanda ke shafe shekaru a majalisin ilmi shiru ba sa tattaunawa, himmarsu duk a kan hadda, ya ce wa'adin zaman ɗalibi a makarantunsu shekara 16 ne, alhali a Tunis shekara 5 ce. A ganinsa hanya mafi sauƙi ta samun ƙwarewa ita ce sakin harshe da muhawara da tattauna mas'aloli. Bil hasali ma, makarantar allo da wasunmu ke rainawa tana da abin da ajin firamare ya rasa. A can kowane yaro da allonsa, a inda ya tsaya. Mai babbaƙu yana babbaƙu, mai farfaru yana farfaru, kowa sai ya zo gaban malam shi kaɗai ya biya, kuma ba a wanke allo a yi masa ƙari sai ya iya. Ba yadda za a yi ya ɓuya a cikin "mun gane". A firamare kuwa manhaja ce ke tafiya, yaro ya bi ko ya faɗi, a ƙarshen shekara a tura kowa aji na gaba. Abin mamaki, wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta yi suna a duniya da tsarin karkasa yara gwargwadon abin da suka iya maimakon shekarunsu, har an shigo da tsarin wasu jihohin Arewa, ciki har da Borno. Abin da kakanninmu ke yi a zaure ne ya je ya dawo mana da baƙin suna.

Saura maganar harshe, wadda ita ce tushen kukan yarinyar nan na farko. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa a shekarun farko na firamare. Kafin nan, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun gudanar da gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi guda, aka tarar ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi shekara shida na firamare da harshen uwa, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan, aka koma Turanci. Ba mu ke tsara manufar ƙasa ba, kuma yaranmu suna bukatar Turanci kamar yadda suke bukatar Larabci. Amma babu dokar da ta hana malami, bayan ya rubuta jumla a allo, ya juyo ya ce da yara su faɗa masa ma'anarta da Hausa. Wanda ya iya mayar da ita Hausa ya gane. Wanda ya maimaita ta da Turanci ko da Larabci kawai, to har yanzu ba mu san komai game da shi ba.

Adalci ne kuma mu faɗi uzurin malami. Manufar ilmi ta ce malami ɗaya ga yara 35. Da yawanku kun san ajin da ya ninka haka sau biyu ko uku. Tun shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ake cika azuzuwa da sauri fiye da yadda ake horar da masu koyarwa, kuma shirin ilmin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 ya tarar da matsalar bai kawar da ita ba. A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta jayayya a kan yadda aka yi jarrabawar, amma su ma waɗannan malamai a irin wannan aji suka taso, suna kwafa suna cewa sun gane. Mutumin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ga yara tamanin a gabansa, cika allo da rubutu shi ne hanyar da zai samu shiru. Mun san wannan, mu ma muna shiga aji. Sai dai abubuwa ukun da yarinyar nan ta ce sun zauna mata, gwangwanin madara ne da ƙwayar wake, da yankakkun takardu, da buta. Ba ko ɗaya da ya jira kasafin kuɗi.

Ku kuma iyaye, tambayar da muka fi ji a bakinku ranar ba da sakamako ita ce, "Na nawa ka zo?" Yaro yana iya zuwa na uku a ajin da ba mai iya karatu. Ku ɗauki littafinsa, ku buɗe ko'ina, ku ce ya gaya muku da Hausa me aka rubuta a nan; ko da ba ku yi boko ba za ku gane in yana kame-kame. Ku tambaye shi me suka yi yau da hannunsu, wa ya yi tambaya, me malam ya ce masa. Iyaye mata sun fi samun wannan dama, domin su ne yara ke yi wa hira ba tare da sunkuyar da kai ba. In kuma yarinya ta ɗebi masara 'yar kaɗan za ta shuka a gwangwani, don Allah a ƙyale ta.

Abin da kwamitin makaranta ya amince da shi na zango mai zuwa shi ne: a makon ƙarshe na kowane wata, 'yan aji huɗu zuwa shida za su rubuta irin wannan takarda ba suna, a boko da Islamiyya, 'yan aji ɗaya zuwa uku kuma wani malami da ba nasu ba zai zauna da su ya ji da baki. Shugaban makaranta ya yi alkawari a gabanmu cewa ba za a yi amfani da takardun wajen tozarta malami ko rage masa albashi ba, malamai kuma sun yi alkawarin ba za su bi diddigin rubutu don gano mai shi ba. In ɗayan biyun nan ya karye, yara za su koma rubuta mana cewa komai lafiya.

A ƙasan takardar tata yarinyar ta bar tambaya, ta ce malamar ta tafi ba ta samu ta yi mata ba: in aka fito da wancan farin waken aka ajiye shi a rana, zai koma kore ko mutuwa zai yi? Mun san amsar, amma mun roƙi malamin aji biyar kada ya faɗa musu. An tara gwangwanaye a ofis, wani daga cikin iyaye ya yi alkawarin mudun wake, tukunya kuma za a aro a gidan mai gadi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya yafe mana abin da muka gaza a kansu.